A miƙa wa ɗan maharbi kyamara

Tsakanin 2005 da 2007 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi gardawa masu wasa da kura yana ɗaukarsu a gefen Abuja da Legas. Hotunan sun zaga duniya, an buga su a littafi, an rataye su a manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka. A cikinsu za ka ga ƙato ya sha guraye da layu, hannu ɗaya sarƙa, ɗaya kulki, ga kura a gefensa da takunkumi a baki. Ba na ƙin hotunan. Gwani ne ya ɗauke su, kuma abin da ya nuna ba ƙirƙira ba ce, sana'a ce da muka tashi muna gani a kasuwanni. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in aka ce Bahaushe da naman daji, wannan ne hoton da duniya ta fi sani: kura a ɗaure a bakin kwalta. Kurar da ke fitowa daga raminta da magariba tana shinshina iska, da wuya ka ga wanda ya ɗauko mana ita daga dajinmu.

Wannan abin takaici ne ga al'ummar da bakinta ke cike da namun daji. Sarki toron giwa ne, jarumi zaki ne, mai haɗama kura, mai wayo dila. Muna yi wa gwanki kirari da sha bara, muna ce wa ɓauna saniyar sake. Amma tara yaran makaranta a Kano ko Maraɗi ka ce su kwatanta maka gwanki, sai ka ga ana kallon-kallo. Giwa kam sun san ta, sai dai giwar da suka sani ta Kenya ce ko ta Tanzaniya, wadda suka gani a talabijin Bature yana bayani. Da yawansu ba su da labarin cewa a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci akwai garken giwaye da ke kiwo a dajin da kakanninsu suka yi kiwo.

Ra'ayina a nan shi ne muna bukatar masu ɗaukar hoton namun daji daga cikinmu, muna bukatarsu da gaggawa, kuma ba a cikin masu hoton biki ko ɗaliban aikin jarida za a fara nemansu ba. A gidajen maharba za a fara, da kuma cikin masu gadin gandun daji.

Mutane na ɗauka cewa wannan sana'a ta na'ura ce. In an ga mai hoto da kyamara mai dogon gilashi, wanda ke jawo nesa kusa, sai a ce ai ga sirrin nan. Gaskiya ne kayan suna da tsada, gilashi mai kyau shi kaɗai yakan ci miliyoyin naira. Amma sarrafa kyamara abu ne da yaro mai kai zai koya cikin 'yan makonni. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda dabba za ta kasance, da lokacin da za ta zo, da yadda za ka isa wurin kafin ta, ka zauna har ta zo ta tafi ba ta san da kai ba. Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. George Shiras, Ba'amurken da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, mafarauci ne kafin ya zama mai hoto. Dabarar da ya yi suna da ita, ta shiga kwalekwale cikin dare da fitila a goshin kwalekwalen har a kusanci dabba a bakin ruwa, daga maharban ƙabilar Ojibwa ta samo asali. Shi kuwa sai ya sa kyamara da filasha a inda suke sa makami. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. Shi ne kuma ya yi fice wajen ɗaure kyamara da zare a hanyar dabba, in ta taɓa zaren ta ɗauki kanta da kanta.

To wannan ilimin muna da shi jibge, yana tsufa yana mutuwa. Wanda ya taɓa bin tsohon maharbi daji ya san abin da nake nufi. Kafin ya ɗaga ƙafa sai ya ɗebi ƙasa mai laushi ko toka ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta nufa, domin giwa ba ta da ƙarfin gani amma hancinta ba ya kuskure, kuma duk wanda ya bari iska ta kai mata warinsa ya gama aiki. Ya tsuguna gaban kashi ya karya shi da tsinke, daga ɗuminsa da danshinsa ya gaya maka ko da asuba aka wuce ko jiya da yamma. Ya dubi sawu ya ce wannan uwa ce da ɗa, kuma ba sauri suke yi ba. In ya ji carki ya tashi da ƙara sai ya daskare, don ya san akwai ɓauna kusa kuma an riga an yi mata gargaɗi. Ba ya taka busasshen ganye, ba ya tari, ba ya kaɗa hannu ko da ƙudan tsando ya dasa masa baki a wuya.

Ga kuma burtu. Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗauki kan wannan tsuntsu da dogon bakinsa, ya haɗa shi da itace mai lanƙwasa a matsayin wuya, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, yana kwaikwayon tsuntsun da ke tsince-tsince. Barewa da gada sun saba da burtu, ba sa gudunsa, har mutum ya iso inda kibiya za ta kai. A Turai masu hoto na kashe kuɗi mai yawa kan tantunan ɓuya da tufafi masu launin ganye don su sami irin wannan kusanci. Mutumin da ya iya kai kansa taku ashirin daga barewa ba ta tashi ba, ya riga ya gama kashi mafi wuya na aikin. Abin da ya rage a nuna masa inda zai danna, da yadda zai sa rana a bayansa.

Yankari ita ce inda ya fi dacewa a gwada. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Yawancin masu zuwa ruwan ɗumi na Wikki ke kawo su. Su yi wanka, su yi hoto da gwaggon birin da ke yawo tsakanin ɗakuna, su hau mota a zaga da su ana hira ana dariya, su dawo su ce babu komai a Yankari sai birai. Da akwai. Amma dabba ba ta fitowa don an biya kuɗin shiga.

Mai neman hoto na gaske sai ya zo da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, tafkunan daji suka ƙafe, komai ya dawo bakin Gaji. Ya tashi kafin assalatu, ya sami gindin wata bishiya da iska ke busowa daga ruwa zuwa gare shi, ya zauna. Da farko ba abin da zai gani sai zabi suna saukowa a jere. Can mugun dawa ya zo ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana tono. Gwambaza ta fito daga cikin duhuwa ta tsaya cik, kunnuwa na juyawa, ta daɗe a haka kafin ta yarda ta sa baki a ruwa. Hasken da ke da amfani ɗan kaɗan ne, daga fitowar rana zuwa hantsi. Da rana ta take sai komai ya yi fari fat, inuwa ta yi baƙi ƙirin, sai kuma bayan la'asar. Giwa kuwa ana iya yin kwanaki ba a sa ta a ido ba, sai karyayyun rassa da sawu. Baƙo mai kwana biyu ba zai iya wannan zaman ba. Wanda zai iya shi ne mai gadin dajin da ke kwana a ciki yana sintiri a ƙafa, wanda ya san kowane mashaya, wanda ya ga abubuwan da in da kyamara a hannunsa da tuni sun shiga littattafai. Shekara da shekaru suna gani, suna ba da labari da baki, labarin yana bin iska.

Kada a ce wannan duk sha'awa ce ta masu ƙoshi. A Jamhuriyar Nijar hoto ne ma'aunin da aka ƙirga raƙuman dawa da shi. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, nan ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka tsira, irin masu hasken fata da a da suke yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. A 1996 saura 49 kacal a duniya. Kowane raƙumin dawa da irin zanen jikinsa, ba biyu da suka yi daidai, don haka masu ƙidaya suke ɗaukar kowanne hoto ta dama da ta hagu, a buɗe masa shafi, a san uwarsa, a san shekarar da aka haife shi. Da haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi don a kafa garke na biyu. Su wa ke kai masu ƙidaya da masu hoto inda dabbobin suke? 'Yan rakiya ne daga ƙauyukan wurin, waɗanda suka tashi suna ganin raƙumin dawa na cin ganyen gawo a gonar babansu.

A kudancin Najeriya ma an ga irin haka. Birin gorila na Kuros Riba, wanda ake ƙiyasin bai wuce 300 ba a duniya, ya tsorata da mutum har masu bincike kan yi shekaru ba su gan shi ido da ido ba. A watan Yulin 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarorin da aka ɗaure a jikin bishiyoyi suka ɗauka a tsaunukan Mbe: garke guda, da jarirai a bayan iyayensu. Hoton ba wani kyan a zo a gani gare shi ba, amma ya tabbatar da abin da ake ta fata, cewa suna haihuwa. Irin wannan kyamara ba ta da amfani sai an san bishiyar da za a ɗaure ta, kuma masu gadin tsaunin 'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi ne.

Gani ya kori ji, kuma abin da ba a gani ba ba a yi masa kuka. A watan Maris na 2018 namijin ƙarshe na farar karkandar arewa, mai suna Sudan, ya mutu a Kenya. Wata mai hoto, Ami Vitale, ta ɗauki mai kula da shi ya jingina goshinsa da nasa yana sallama. Duniya ta girgiza. Shekara bakwai kafin nan, a 2011, an sanar da ƙarewar baƙar karkandar yamma, wadda mafakarta ta ƙarshe arewacin Kamaru ce, nan maƙwabtanmu. Mutum nawa ne a cikinmu suka ji? A Cadi, giwayen Zakuma sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010, kuma hotunan da Michael Nichols ya ɗauka, waɗanda aka buga a 2007, suna cikin abin da ya sa duniya ta waiwayi wurin. Mu kuwa a Najeriya raƙuman dawanmu sun ƙare shiru. Waɗanda ake gani yau a gandun Sumu na Bauci daga Namibiya aka kawo su a 2006. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400 ne, mafi yawansu a dazuzzukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, 'yan ƙalilan a Yankari da Kainji. In na Yankari suka ƙare, me za mu nuna wa jikoki?

Dalilin gaggawar ma ya wuce wannan. A da muna iya naɗe hannu mu ce baƙi za su zo su ɗauka. Yanzu ba sa zuwa. A Fabrairun 2013 aka sace wasu iyalin Faransawa kusa da gandun Waza a Kamaru. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Sambisa da sunanta ke tayar da hankali yau, gandun namun daji ce a asali. Kamuku da ke Birnin Gwari kowa ya san halin da take ciki. Ofisoshin jakadanci sun shafa wa yankinmu jan fenti a taswira, kuma mai hoto daga Landan ko Faris yana da Kenya da Botswana da zai je hankali kwance. Saura mu. Ba ina cewa a tura yaro da kyamara cikin dajin da 'yan bindiga suka mamaye ba, rai ya fi hoto. Ina cewa inda ake iya shiga, a shiga, domin dajin da ma'aikata da masu ziyara suka daina takawa ba ya zama fanko, wasu ne ke tarewa.

Na san abin da manomin da ke maƙwabtaka da Yankari zai ce, kuma yana da gaskiya. Giwar da ɗan birni ke sha'awa, shi a dare ɗaya take tattake masa dawar shekara. Manomin Kure ma ya san yadda raƙumin dawa ke yi wa wake. Wannan ma hujja ce ta a ba ɗan gida kyamara. Baƙo yakan juya wa ƙauye baya ya ɗauki dabba ita kaɗai, sai ka ce a duniyar da babu mutane take rayuwa. Ɗan gida zai ɗauki giwar, washegari ya ɗauki gonar da ta kwantar da mai gonar tsaye a ciki, kuma hoton nan na biyu shi ne shaidar da za a kai gaban hukuma a nemi diyya da ita. Hoton da ya ɓoye wahalar maƙwabcin daji bai faɗi gaskiyar dajin ba.

Wani zai ce, ka ba maharbi dalilin shiga gandu, me zai hana shi komawa ga tsohuwar sana'a? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce maharbi bai taɓa jiran izini ba kafin ya san hanyoyin dajin. Abin da ya rasa shi ne hanyar da dabba mai rai za ta ciyar da gidansa. Gwankin da aka harbe nama ne na kwana uku. Gwankin da aka sani, aka san mashayarsa, ana iya kai mutane su gan shi bana, a kai wasu baɗi. Kuma ƙungiyoyin maharba suna da shugabanni, akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa, akwai ladabi da horo a tsakaninsu. Ta hannunsu za a bi, su zaɓo yaran da suka yarda da su, su tsaya musu.

Sai dai kyamara ma tana ɓarna, kuma gara a faɗa tun yanzu. A Masai Mara ta Kenya, wani bincike na 2018 kan rabbi, dabbar nan mai kama da damisa wadda ta fi kowace dabba gudu, ya gano cewa uwar da ke yankin da motocin 'yan kallo suka yi yawa, a matsakaici ko ɗa ɗaya ba ta rayawa, alhali wadda ke nesa da motoci takan raya sama da biyu. Ba wanda ya harbe su, kallo ne kawai ya yi yawa. Mai korar dabba da mota don ta yi gudu a hoto, da mai sa nama don ya jawo kura, da mai sare reshen da ya rufe sheƙa don ƙwai ya fito sosai ya bar shi ga rana da shaho, da mai tayar da jirgi maras matuƙi a kan garken giwaye, duk azabtar da dabba suke yi, abin da addini da al'ada suka hana. Birai da ke fizge abinci a hannun mutane a Wikki mu muka koya musu, da miƙa musu biskit don a samu hoto. In giwa ta baza kunnuwa ta girgiza kai, ta gaya maka ka matso da yawa, kuma ja da baya ne amsar, ko hoton bai samu ba. Akwai kuma haɗarin da mutane ba su lura da shi ba: waya tana liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Wanda ya ɗora hoton toron giwa mai manyan haure a intanet nan take, da wurin a jiki, ya yi wa masu farautar haure jagora kyauta.

Sai gaskiya. Hoton naman daji shaida ce, mai shi yana cewa ne na je, na gani, haka abin yake. Gasar da ta fi kowace girma a wannan fanni, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, ta ƙwace kambun 2009 daga hannun wani ɗan Sifaniya bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne, horarre. A 2018 ta sake soke wani hoto daga Brazil, na wata dabba mai cin gara a gindin suri cikin dare, don masana sun ce gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Mu a nan ƙaryar ta fi wannan arha. Sau nawa ake ɗauko hoton Serengeti a Facebook a rubuta Yankari a ƙasa, da jakin dawa a ciki, dabbar da ba ta dajinmu ba ce? Ga kuma hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa yanzu, zaki rungume da jariri, mutane na ta tura wa juna suna tasbihi. Illar ba ƙarama ba ce. Wanda ya saba ganin garken ƙarya na dabba dubu ba zai yarda cewa na gaske na ƙarewa ba, kuma in aka nuna masa gwambaza ɗaya tilo cikin hazo sai ya raina. Ni kuwa na fi son wannan gwambazar, ko hoton ya ɗan yi duhu, muddin an rubuta ranar da wurin kuma gaskiya ne.

Ba sai an jira giwa ba ma. Fadamun Haɗeja da Nguru suna karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai duk hunturu, ga dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida, kuma wurin yana canzawa a idonmu tun da madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masuncin da ke fita da kwalekwale kullum asuba a Dagona ya fi kowa sanin tsuntsun da ya daina zuwa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, yau ka fi saurin ganinta a gidan mai kuɗi da fiffike a yanke fiye da a fadama. Ungulu fa? Waɗanda suka haura shekara arba'in suna tuna yadda take cika kwata da kan rumfunan mahauta. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, guba da cinikin sassan jikinta don magani sun cinye ta. Ta ɓace daga garuruwa da yawa, kuma ba mu da hotunan da za mu gwada da da yanzu, don ba wanda ya ga ungulu ta isa a ɗauka. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ta horar da matasa da dama, cikinsu har da 'yan arewa masu fita da madubin hangen nesa suna rubuta abin da suka gani. A haɗa waɗannan da 'ya'yan maharba da masunta, kowa ya koya wa ɗan'uwansa abin da ya sani.

Kuɗin fa? Ba su kai yadda ake zato ba. Kyamara ta hannu mai jawo nesa, ko da an taɓa amfani da ita, ta isa a fara. Kyamarar ɗaurewa a bishiya ba ta kai kuɗin babbar waya ba. Abin da gwamnatin jiha ke kashewa a bikin buɗe taro ɗaya zai sa kyamara a hannun kowace tawagar sintiri a Yankari, da batir da na'urar caji mai aiki da hasken rana. Jaridunmu da gidajen talabijin su ma da nasu laifin, don sun fi son kwaso hoto kyauta daga intanet a kan su biya wanda ya kwana a daji. Su ware shafi ko minti biyar a mako, su biya, su rubuta sunan mai hoton. Wannan na ƙarshe ina nanata shi, domin an daɗe ana yi wa ɗan rakiya haka: shi ya gano sawun, shi ya ɗauki kaya, shi ya ce a tsaya nan, amma in hoto ya fito sunan baƙo kaɗai ke ƙasa.

Kuma a tanadi inda za a ajiye. Hoton da ke cikin waya yana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana Bauci, Jami'ar Bayero tana Kano, Jami'ar Abdu Mumuni tana Yamai, kowacce da sashen nazarin halittu. Ɗaya daga cikinsu ta buɗe rumbu, duk hoton da ya shigo a rubuta ranarsa, da dajin da aka ɗauke shi, da sunan dabbar da Hausa da na kimiyya, da sunan wanda ya ɗauka. Ainihin wurin da aka ga giwa ko zaki a bar shi a hannun masu gadi kaɗai. Sauran kuwa a buɗe wa malaman firamare da masu buga littattafan karatu, su ɗauka kyauta su sa a gaban yara.